Hagis ɗin Murdo Geddes

Duk ƙauyenmu babu wanda ya iya riƙe wuƙa kamar Murdo Geddes. Shi ya faɗa mana, kuma wa zai musa wa mai gemu har ƙirji? Sarkin Wuƙa muke ce masa, yana amsawa har da ɗaga hannu.

A bikin hunturu na kowace shekara, shi ke tsayawa kan hagis ya yi masa kirari, sannan ya farke shi a gaban jama'a. Hagis dai tumbin tunkiya ne da aka cusa wa hanta da zuciya da huhu da garin ots, wani hatsi mai kama da alkama, aka ɗinke aka dafa. Amma a hannun Murdo sai ka ce naɗin sarauta ake yi. Bana sai aka fara raɗe-raɗin kwamiti zai ba Dougal Rennie, mai gyaran kwalekwale, wuƙar.

"Dougal?" in ji Murdo. "Wanda ko burodi ya yanka sai ya karkace? Bana da hannuna zan dafa, ku ga hagis ɗin da ba a taɓa gani ba tun kafuwar garin nan!"

Ko yaro ya san ba a cika tumbi, don ots na kumbura, kuma ana sossoka masa allura kafin ya shiga tukunya. Murdo ma ya sani. Amma ina! Ya dinga dannawa har tumbin ya yi tam kamar ganga. Da matarsa Ishbel ta ɗauko allura, ya tare ta.

"Ajiye, uwargida. Babu ƙarfen da zai riga wuƙata taɓa shi."

"To, ranka ya daɗe," ta ce, ta koma kan dankalinta.

Yana gaban madubi yana gwada kirari aka ji fus! daga kicin. Tukunya ta koma kunun hanta, tumbin na yawo a sama kamar tsohuwar safa.

Da wani ne, fitowa zai yi ya ba da haƙuri. Murdo kuwa ya tsamo tumbin, ya kwashe dakakken dankali da nips, saiwar nan mai ruwan ɗorawa, waɗanda Ishbel ta tanada don ci da hagis, ya cusa su ciki ya ɗinke. A lissafinsa zai ɗan soka wuƙa kaɗan, a yi tafi, a koma da shi kicin.

Daren biki, mai busa da ke rako hagis ya shigo gaba, Murdo na biye da faranti yana taku ɗai-ɗai. Da ya ga idanu sun yi masa caa, sai daɗin baki ya kwashe shi.

"Kai ne sarkin abinci! Mai hanta, mai zuciya, abincin mazan jiya! Wanda ya ci ka ba ya gudu!"

Ya manta da lissafi, ya zuba wuƙa tun daga wannan gefe har wancan. Dankali da nips suka tumbatso, suka malale faranti.

Sai Dougal ya leƙo daga kujerarsa.

"Murdo, abokina, wannan tunkiyar a wace gona ka haƙo ta?"

Wallahi na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Mai busa ya ƙware, Ishbel ta cusa fuska a gyalenta kafaɗunta na rawa.

Kwamiti dai ya yi wa Murdo adalci. Ba a raba shi da wuƙa ba. Baɗi shi zai fere dankali da ita.