Waƙi'ar Cinnaku a Wandon Sarki Tunau

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe wannan babi, Shi da Ya raba wa bayinSa muryoyi, Ya ba wani kamar sarewa, Ya ba wani kamar ƙofar gareji. Bayan haka, wannan tarihin Ɗayyabu ne, ɗan Ilu Ɗankamasho, wanda in ya tsaya a tashar Ƙaura ya ce "Gusau, saura mutum ɗaya!" sai mutanen Gusau su fara share wa baƙo wuri, shi Ilu ɗan Barau Mai Kananzir, wanda tallarsa ta yaye yara da dama ba tare da an shafa wa nono maɗaci ba, shi Barau ɗan Tanko Sanƙira, wanda aka taɓa roƙo ya daina shela a ranar kasuwa saboda shanu na tsinke igiya. Gidan murya ne kaka da kakanni. Sai dai ƙarfi aka ba su, zaƙi kuwa ranar da ake rabonsa suna can tasha suna lodi.

Ɗayyabu na Tabawa! Tsawa mai hana kaza ƙwai! Injin niƙa ba ka san asuba ba! Jaki ya ji ka ya sunkuyar da kai! Wannan shi ne kirarinsa a ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma wallahi ba a ƙara masa ko gishiri ba.

Amma kafin mu shiga fagen fama, wajibi ne mai karatu ya san rundunar da wannan sadauki ya yi wa hidima. A zamanin da jami'armu take da ruwan famfo, wani malami mai suna Dokta Na'ibi ya dawo daga karatu a Italiya da wani al'amari mai ban mamaki. Ya ce a can ya ga wasan kwaikwayo da ake kira opera, wanda ba a magana a cikinsa ko kalma guda: in mutum zai nemi ruwa da waƙa zai nema, in an soke shi da takobi sai ya tsaya ya rera baiti goma kafin ya faɗi. Ya tara ɗalibai ya kafa Ƙungiyar Opera ta Ɗalibai, ya haɗa mata kalangu da goge da 'yan amshi. Sauran jama'ar jami'a, da yake ba su da tarbiyya, suka laƙaba musu 'Yan Maƙogwaro, sunan kuma ya bi su har yau.

Dokta Na'ibi ya bar musu doka guda, wadda ta fi ƙarfin tsarin mulkin ƙungiyar ɗalibai: da zarar an buɗe labule, duk wanda ƙafarsa ke kan dandamali ya furta magana tsura ba da waƙa ba, to a cire takalminsa ƙafa ɗaya a wurga kan rufin zauren wasa, a kuma shafe shi daga zuriyar ƙungiya. Takalman suna nan a kan kwano, rana ta gasa su, damina ta wanke su. Akwai na wani Hambali, wanda gemun audugarsa ya faɗi yana tsakiyar hukunta maƙiya ya ce, "Kai, gemuna!" Akwai mai tsini na wata baiwar Allah da wayarta ta yi ƙara a cikin zani tana kan mutuwa, ta ɗaga ta ce, "Zan kira ki." Sauran ba a ma tuna masu su. Sabon ɗalibi in ya shiga ƙungiya, kafin a nuna masa komai sai an fito da shi waje an ɗaga masa haɓa ya kalli rufin.

Ɗayyabu ya shiga wannan runduna tun yana ajin farko. Ranar gwajin murya ya buɗe baki sau ɗaya, fankar sama ta yi girgiza, mai goge ya ce tsirkiyarsa ta saki. Aka yi shawara aka naɗa shi Sarkin Labule. Haka ya shekara huɗu yana jan igiya, yana ɗauko kujeru, yana wanke rawanin wasu, yana motsa leɓe a bayan fage yana bin kowane baiti a zuci, don babu waƙar ƙungiya da bai haddace ba. Abin na cin ransa, kada wani ya ce muku ba ya ci. Duk hutu in ya koma gida, mahaifiyarsa Inna Tabawa takan tambaya, ba tare da ta kama sunansa ba don ɗan fari ne, "Shi wannan wasan naku, me kake fitowa a ciki?" Shi kuwa sai ya ce, "Inna, ai in babu ni, ba a farawa." Gaskiya ce, amma irin gaskiyar da ke sa mutum kallon ƙasa.

Sai ga shekararsa ta ƙarshe, aka shirya wasan bankwana mai suna Makokin Sarki Tunau. Shugabar ƙungiya ta lokacin, Zinatu, mace mai kaifin harshe da taushin zuciya, ta kira shi ta ce ta ba shi sarautar wasan gaba ɗaya. Shi ne Sarki Tunau. Abu ɗaya ne kawai: ana buɗe labule an riga an kashe sarkin. Aikinsa ya kwanta a kan tabarma cikin babbar riga da rawani, gimbiya ta yi masa kuka da waƙa, a rufe labule.

"Ɗayyabu," in ji ta, "don girman Allah, ko numfashi ka yi shi a hankali."

Sadauki ya karɓi tuta. Ya aika gida cewa a wannan karon sarki zai fito, ya ari takalmin ƙaninsa sau-ciki mai sheƙi, ya kuma yi rantsuwa tsakaninsa da zuciyarsa cewa zai mutu mutuwar da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙungiya, zai sauka daga dandamali da takalmansa biyu cif a gaban mahaifiyarsa. Inna Tabawa ta shiga mota tun daga Ƙaura, da ƙullin dakuwa a jaka, ta zauna a layin gaba.

To, a nan ne ƙaddara ta shigo ta ƙofar baya. Al'adar 'Yan Maƙogwaro ce kowa ya lashi zuma kafin wasa don murya ta washe. Mamuda mai kalangu, da ya ga 'yan amshi na neman ƙarar da zumar tun a kwanakin gwaji, sai ya ɓoye kwalbar a cikin naɗin tabarmar sarki, bai kuma ɗaure murfin da kyau ba. Kiyashi ne suka fara kai rahoto. Daga nan labari ya isa fadar cinnaku da ke ƙarƙashin dandamali, aka buga tambari, aka yi gangami, dakaru suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu suka yi sansani a cikin saƙar kaba, suna jiran abin da Allah zai kawo.

Bayan la'asar zaure ya cika maƙil, har da malamai da masu gadi. Wani ɗan aji ɗaya ya ja labule. Ga Sarki Tunau a miƙe, hannuwa a ƙirji, fuska cike da haiba. Inna Tabawa ta dubi matar da ke kusa da ita ta ce, "Barci yake yi?" Aka ce mata ai rasuwa ya yi, amma ta wasa. Ta ce, "Allah Ya kyauta." Zinatu, wadda ita ce gimbiya, ta durƙusa ta ɗauki makoki, 'yan amshi goma sha biyu a bayanta suna maimaita duk abin da ta rera, don aikinsu ke nan, kuma a kansa aka horar da su har ya zame musu jini.

Ba a gama baiti na biyu ba 'yan leƙen asiri suka tsallaka iyaka ta idon sawu. Jarumi ya ji su, ya ce a ransa ƙaiƙayi ne, ƙaiƙayi kuwa ba ya kashe namiji. Sai rundunar dama ta hau ta ƙwauri, rundunar hauni ta zagaya ta bayan gwiwa, manyan barade masu jan kai suka bi ta ƙarƙashin tazuge, suka kutsa cikin lardunan da tarihi ke jin kunyar ambata, suka kafa tutocinsu, sannan, kamar an ba su umarni da ƙaho ɗaya, suka sa baki gaba ɗaya. Cinnaka ba ka san na gida ba, balle sarki!

Ina marubutan da ke cika mana kunne da jarumtar mazan jiya? Su zo su ga wannan. Mazan jiya in an sare su suna da damar ihu. Ɗayyabu ya cije haƙori, gumi ya jiƙa rawani, yatsun ƙafarsa suka dunƙule a cikin takalmin aro, hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunne, 'yan kallo na layin gaba suka ce kai, wannan gawa ta iya wasa. Ya tuna rufin kwano. Ya tuna Hambali da gemunsa. Ya tuna Inna tana zaune taku kaɗan daga inda yake. Makokin kuwa baiti ashirin ne, Zinatu kuma ba ta taɓa yafe ko ɗaya ba.

A baiti na tara haƙuri ya ƙare. Amma ku dubi amanar bawan Allah nan: ko a wannan hali bai manta doka ba. Ya tashi zaune zumbur, ya buɗe maƙogwaron Ilu da Barau da Tanko Sanƙira, ya rera da karin makokin daidai, ba kuskure ko na gaɓa ɗaya:

"Cinnaku! Jama'a ku cece ni, cinnaku a wandona!"

Tantabarun da ke cikin silin suka watse. 'Yan amshi, bayin horo, ba su yi wata-wata ba suka karɓa da murya ɗaya mai daɗi: "Cinnaku a wandona!"

"Ba wasa nake ba, ku kawo ruwa!" in ji sarki, cikin waƙa.

"Ba wasa yake ba, ku kawo ruwa!" in ji 'yan amshi, har da rausaya.

Mamuda ya ga sarki na tsalle yana dukan cinyoyinsa, ya ɗauka sabuwar rawa ce aka ƙara bai sani ba, ya matse kalangu ya bi shi. Zinatu ta daskare a durƙushe, tana son ta ce a rufe labule, tana tsoron takalminta. Zaure ya ɗauki tafi da sowa. Wani malamin adabi ya juya yana bayyana wa na bayansa cewa cinnakun nan talakawa ne da suka tashi a kan azzalumin sarki. Mutum ɗari biyar suna kallon ɗan'uwansu ana cin sa da rai, babu wanda ya motsa.

Sai mutum ɗaya. Inna Tabawa ta miƙe, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta hau dandamali ba ta nemi matakala ba. Ta manta da kunyar ɗan fari, ta manta da taro. Ta cire silifa ta shiga fyaɗar wandon Mai Martaba gaba da baya, tana faɗa da magana tsura, wadda ko kurma ya san ba waƙa ba ce:

"Ku rufa mini baki, marasa imani! Yaro na kuka kuna yi masa amshi? Kai mai ganga, ajiye ta ka kawo ruwa! Ɗayyabu, cire wandon nan!"

Wannan ne karo na farko da ya ji sunansa a bakinta. Aka rufe labule. Aka kwarara wa sarki bokiti biyu a bayan fage, rundunar maƙiya ta watse, aka bar gawarwakinsu a kan siminti.

Da ƙura ta lafa, majalisar ƙungiya ta zauna a gindin dalbejiya. Aka tabbatar Ɗayyabu bai karya doka ba, don duk abin da ya faɗa da waƙa ya faɗe shi. Amma doka ta ce duk wanda ƙafarsa ke kan dandamali, ba ta ware uwa ba. Kowa ya saci kallon silifar Inna, kowa ya kau da kai. Zinatu ta fara, "Inna, a gaskiya al'adarmu..."

A nan Ɗayyabu ya yi abin da ya sa aka rubuta wannan babi. Ya sunkuya, jikinsa duk rudu-rudu, ya cire takalmin da ya sha azabar duniya don ya tsare, ya ce, "Na Inna ba zai hau rufi ba ina raye." Ya wurga shi. Takalmi ya yi sama yana sheƙi, ya sauka kusa da na Hambali. Mamuda ya share ido da hular kansa.

Inna Tabawa ta dube shi. Ta ce, "Da ka buɗe bakin nan, sai na ji kamar marigayi babanka ne ranar da kunama ta harbe shi a tasha. Ban zaci zan sake jin muryar nan ba." Ta goge fuska da bakin mayafi. Sannan ta ɗaga kai ta dubi rufin. "Wancan ba takalmin ƙaninka ba ne? Maza hau ka ɗauko masa abinsa, gobe yana da ɗaurin aure."

Babu wanda ya yi ƙarfin halin karanta mata doka. Aka aro tsani a wajen masu gyaran wuta, Sarki Tunau ya hau da jiƙaƙƙen wando. Yana can yana lalube a cikin takalman magabata mai ɗaukar hoton bankwanan ƙungiya ya iso, ya ce rana na faɗuwa ba zai jira kowa ba. Aka jeru, aka sa Inna a tsakiya, aka ɗauka.

Hoton yana nan a ɗakin Inna Tabawa a Ƙaura, a saman jeren kwanoninta. Duk baƙon da ya shigo sai ta sauko da shi, ta wuce fuskokin mutum talatin da yatsa, ta kai can kusurwar sama, inda wata ƙafa ba takalmi ke reto daga bakin kwano, ta ce, "Ga sarkin nan."