Mai Hure Fitila a Rijiya

Iya Delu 'ya'yanta biyu, Ilu da ƙanensa Mantau, wanda abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Ubansu ya rasu bara a rijiyar da ya shiga yasa. An fito da shi ba rauni, ba saran maciji, har zuwa lokacin ba ta san abin da ya kashe shi ba.

Wata rana Ilu yana ba shanu ruwa a tsohuwar rijiyar gona, ya ce, "Mantau, dubi igiyar nan, ina zuwa." Mantau ya tsuguna yana dubanta tana zamewa, har ta bi guga ciki.

"Ban ɗauke ido ba, Yaya. Tun farkon tafiyarta nake kallo."

Wata rana kuma aka tura shi ya gano ko gugan ya taso. Ya dawo ya ce babu guga, babu ruwa, duhu aka cika rijiyar da shi.

"Don ba ka gani ba sai ka ce babu?" in ji Ilu. "Ni zan shiga."

Iya Delu ta ji, ta rugo bakin rijiyar. Ta yi roƙo, ya ƙi. Sai ta damƙi hannun Mantau. "Kada ka bar yayanka ya sauka sai ka ga gindin rijiyar nan da idonka."

Mantau ya kunna fitilar ƙwai da rana tsaka, masu ɗiban ruwa suna dariya, ya zura ta da zare. Tana yin nisa ta mutu. Ya jawo, ya kunna, ya zura, ta sake mutuwa. Ilu ya ƙule, ya ɗaura sabuwar igiya a ƙugu, ya sa ƙafa ɗaya ciki. Mantau ya rungume ɗayar.

"Sake ni, wawa!"

"Ban gani ba tukuna. Wani ke hure mini fitila."

Baba Sanda, tsohon mai haƙar rijiya, ya daina dariya. "Ilu, fito da ƙafarka. Inda wuta ta mutu haka, numfashin mutum ma ɗaukewa yake. Muguwar iska ce, ba launi, ba wari."

Ilu ya janye ƙafar a hankali. Iya Delu ta zauna daɓas a ƙasa, ta daɗe tana kallon zaren.

"Baba Sanda," ta ce, "in iskar nan ce ta ɗauke ubansu, da wahala ya tafi?"

"A'a. Kamar barci."

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin kuka ya zo mata.