Kitsen da Likita Ya Ce In Ƙara

Zamfara ba ta daɗe da zama jiha ba aka gano ina da ciwon sukari. Likita a Gusau ya duba gwajin jinina ya ce, "Malam, kitse mai kyau ya yi maka ƙaranci."

Ban tsaya jin sauran bayani ba, don ni na san kitse mai kyau. Har Tsafe nake zuwa sayen tozo, ina yi wa mahautan garinmu Bungudu gorin nasu ba ya magani.

Bayan wata biyu na koma, wando ya matse, sukari ya hau. Da ya ji labarin tozon, likita ya dafe kai. "Kitse mai kyau na cikin jini da tafiyar ƙafa ake ƙara shi, Malam, ba da wuƙa ba!"

Har yau in na gifta, mahautan nan sai sun ƙwala min kira: "Malam, allura ko ƙwaya za a yanka maka?"