Cinyar Bashir

Ko zan manta da komai na makarantar gashin ƙashi da na yi a Umdurman ta ƙasar Sudan, ban da ranar da aka sa na auna cinyar Bashir.

Bashir ɗan ajinmu ne, bai daɗe da dawowa daga sansanin bautar ƙasa ba, inda sojoji suka gasa shi da gudu har cinyoyinsa suka zama kamar turmi. (Ni asma ta cece ni daga sansanin, ta bar ni da ƙafafun zakara.) Ban damu ba sai da Nafisa, 'yar kawuna da nake so, wadda ita ma ajinmu ɗaya, ta kalli hoton tsokarsa a na'urar sikanin ta ce, "Ma sha Allah, tamam." Ni ko sabon askina ba ta taɓa ce wa tamam ba.

Jarrabawar mai sauƙi ce. Kowane namiji zai shafa mai, ya ɗora kan na'urar a tsakiyar cinyar Bashir, ya auna kaurin tsoka, don a ga ko awo zai zo ɗaya daga hannu zuwa hannu. Ustaz, malaminmu, ya sha faɗa mana a ɗora a hankali, don in ka danna, tsoka lotsawa take yi. Nafisa ce ke rubuta sakamako a allo.

Da layi ya zo kaina, kishi ya hau hannuna. Na danna har Bashir ya ce, "Kai mutumina, awo kake yi ko daka?" Na ga tsokar ta tsuke, raina ya yi fari, na faɗi lambata da ƙarfi.

Awon kowa ya zo kusa da na ɗan'uwansa, nawa kaɗai ya faɗo ƙasa. Ustaz ya leƙa cinyar, ga shatin kan na'urar ya fito ja jawur. Ya dube ni, ya dubi mai riƙe da alli.

"Na'urar ba ta da laifi," in ji shi. "Kai dai akwai abin da ke damunka, kuma ba a cinya yake ba."

Aji ya fashe da dariya, na sake jarrabawa.

Na koyi cewa in za ka auna wanda kake kishi, ka ba wani na'urar. Nafisa dai ta aure ni. Har yau in zan gaisa da Bashir sai ta ce, "Sassauta hannu, ya doktor."