Ɗakin da Babu Wanda Ya Buɗe

Jama'a, jiya na taka a ƙasa tun daga Ƙofar Rini har Gawon Nama, da tsohuwar kwamfuta a hammata, gumi na bin bayana. Masu babur duk suna layin mai, suna jiran tankar da aka ce tana hanya tun ranar Talata. Abu biyu suka ja min wannan tattaki: masu girma da ke rabon wutar lantarki, da kuma ladabi.

Shekara talatin muna dara da aminina Hayatu bayan la'asar a ƙofar gidana. Bara ciwon ƙafa ya matsa masa, ya koma gidan ɗansa a Gawon Nama. Babur ɗina kuwa tun da mai ya zama ɗan sarki yake jingine, kaji na kwana a kansa. Sai muka wayi gari wata huɗu ba mu ga juna ba.

'Yarsa Mariyatu, malamar kwamfuta, ta ga kaɗaici na cin tsohonta. Ta kawo mana kwamfutoci biyu waɗanda batirinsu ya daɗe da rasuwa, ta sa mana wani wasa na dabarun yaƙi: ka gina gari, ka yi noma, ka tara runduna, ka kai wa abokinka hari ta intanet. Ta ce abin ba wuya, ɗaya zai danna wurin buɗe ɗaki, ɗayan ya danna wurin shiga, shi ke nan an haɗu.

Na gwada ni kaɗai, na ga abin mamaki. A garin nan na cikin kwamfuta, in ka ce a haƙa rijiya, minti biyu an haƙa, har da ruwa a ciki. Ba kwamiti, ba rumfa da makaɗa, ba mai babbar riga da almakashi. Na nuna wa matata Rabi, ta ce in tambaya ko suna karɓar baƙi.

To, sai batun wuta. Ranka ya daɗe Sarkin Ɗauke-Ɗauke, Allah ya ƙara masa basira, ya tsara abin da kyau. Tamu tana tafiya biyar saura kwata, tasu Hayatu tana zuwa huɗu da minti ashirin da biyar. Minti ashirin ke nan a rana da unguwannin biyu ke ganin haske tare, in ba a yi mantuwa ba. Wa zai ce ba a yi mana adalci ba?

Ranar farko na danna wurin shiga. Hayatu ya girme ni da shekara biyu, kuma ni ban tashi na ga ƙarami ya shimfiɗa tabarma ya ce babba ya zo ya same shi ba. Na jira, ba ɗaki, har fanka ta tsaya. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Ban kira shi ba, don kar a ce na matsa wa mara lafiya. Amma gaskiya raina ya ɓaci, na fara tunanin ko mutumina ya yi sababbin abokai a unguwar masu bene.

Jiya dai Rabi ta gaji da tsakina, ta miƙo min hula.

Na same shi a zaure, kwamfuta a gabansa, ranar ko wutar ma ba a kawo musu ba. Bayan gaisuwa ya kawar da kai.

"Kwana ukku ina zamne ina jiran ka buɗe ɗakin ga," in ji shi. "Na ɗauka ka gaji da ni."

"Haba yaya, ni in buɗe ɗaki ka taho ka iske ni?"

"To ni hwa? Mahaihinka ya karantar da ni. Yaushe ɗan malamina ka biyo ni?"

Ashe shi ma wurin shiga yake dannawa. Kwana uku dattawa biyu suna tsaye a bakin ƙofa, kowa na cewa bismillah, ɗakin ma ba a gina shi ba. Muka yi dariya har ya share ido da hannun riga, kuma ban ce dariya ce kaɗai ta kawo hawayen ba.

Sai ya ja tabarma gefe. A ƙasan zauren akwai gurabun dara, an haƙa su tsaf, da tsinke da duwatsu a jere. Ya ce tun da ya tare yake yi shi kaɗai, yana ɗaukar min nawa ɓangaren, kuma ko a hakan ban taɓa cin sa ba. Muka ture kwamfutocin. Kafin magariba ya cinye ni sau uku, kamar yadda ya saba.

Saboda haka, ranku ya daɗe masu rabon duhu, na gode. Da kun ba mu wuta yadda kuka yi alkawari, da Mariyatu ta gano kuskuren a rana ɗaya, da har yau ban ga fuskar aminina ba. Sai dai don Allah kar ku ji na faɗa ku kafa rumfa a zauren Hayatu ku ce aikinku ne za ku ƙaddamar.