Gida Mai Lamba Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da aka miƙo mini makirufo don in fassara bayanin wani, ni kuma na ga dama ta samu ta yin wa'azi.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Ƙaraye. Shekara biyu da suka wuce, bayan an gama cirar gyaɗa, wasu malamai daga wata jami'a suka zo bincike a yankinmu da na Rogo. Suna son sanin abin da mutane ke girki da shi, da yawan itacen da ake ci daga daji, da kuma abin da hayaƙi ke yi wa ƙirjin mata. Suka nemi ɗan gari mai jin Turanci ya riƙa yi musu jagora, shugaban makarantarmu ya ba da sunana. (Washegari na je aiki da sabuwar hula, ba tare da wani dalili ba.)

Su huɗu ne, kowa da fanninsa. Shugabarsu Dakta Rabi masaniyar zamantakewa ce. Akwai Injiniya Tunde, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, sai wata likitar ƙirji, da wani masanin gandun daji da ke yawo da sikeli yana auna damin itace da na kara. Na zaci kowa zai kama nasa aikin ne, ashe kullum a mota musu suke, wannan ya gyara wa wannan, kuma ba mai jin haushi. Ban taɓa ganin manyan masu ilimi na jin daɗin a nuna musu kuskurensu haka ba.

A wani gida a Rogo, inda mata ke matsar man gyaɗa, Injiniya ya fito da wani murhun ƙarfe da ya ƙera, wanda ya ce ba ya cin itace da yawa. Dakta Rabi ta roƙi matar gidan ta ɗora tuwo a kai, sannan ta miƙa wa Injiniya muciya. Juyi biyu ya yi tukunya ta karkace, da ƙyar aka tare ta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya durƙusa ya auna duwatsun murhun matar, ya rubuta a littafinsa. A rugagen wajen Rogo Ruma kuwa, Dakta takan cire takalmi ta zauna a tabarma, ta gaisa da Fulatanci, ta tambayi lafiyar shanu da ta yara kafin ta yi tambayar farko. Ni kam duk na ƙagu in fara yi wa mutane bayanin zamani. Sau biyu tana ce mini a hankali, "Malam, bari mu ji nasu tukuna."

Daga baya suka zaɓi gidaje a garuruwan biyu, suka rataye wata 'yar na'ura mai girman sabulu a inda ake girki, mai auna hayaƙi. Kowace matar gida aka ba ta kati mai lamba, don kada sunan kowa ya fito. Ni na nace a sa gidana. Ina da dalili: na gina wa matata Hadiza kicin na bulo da siminti, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, da 'yar taga da ba ta fi littafin rubutu ba, saboda kuliyoyi. Na kuma sa tukunyar gas a ciki. Maƙwabta na girki a tsakar gida, mu muna da kicin, kuma babu majalisar da ban faɗi haka ba. (Gara in faɗa tun yanzu: tun ranar da aka yi wa kicin ɗin fenti ban sake shiga ba. Abinci ne ke samuna a kan tabarma.) Hadiza na fama da tari kowace safiya, na ce sanyi ne, na sayo mata magani a kemis.

Da sakamako ya fito, aka kira taro a filin wata firamare. Motoci suka kawo mutanen Rogo. Maza a benci, da dagatai da limamai a gaba, mata a tabarmi ta ɗaya gefen. Injiniya ya kafa babbar takarda mai zane-zane kamar sanduna a tsaye, kowace sanda gida ɗaya, tsawonta yawan hayaƙinsa. Ɗaya ta zarce sauran da nisa. Abin da ya faɗa da Turanci ɗan kaɗan ne: a gida mai lamba bakwai hayaƙi ba ya samun hanyar fita, ana bukatar a duba.

Na fassara wannan, sai na ji bakina ya ƙi tsayawa. Na ce jama'a su dubi wannan sanda da kyau, domin shaida ce a kan wani maigida da ba ya tausayin iyalinsa. Na ce irinsu ne ke cin tuwo su suɗe hannu ba su taɓa tambayar yadda aka yi ya dahu ba. Na ce ya mayar da 'yar mutane kamar kifin banda. Aka yi dariya, liman ya gyaɗa kai, na ƙara samun ƙarfi. Na hangi Dakta Rabi tana ɗaga mini hannu, na ɗauka cewa take in ƙara murya, na ƙara. Na rufe da cewa, "Da na san mutumin nan, wallahi yau da kaina zan je har gidansa."

A ɓangaren mata, taubashiyata Talatu na zaune kusa da Hadiza. Tun muna yara ba ta taɓa raga mini ba, al'ada kuma ta ba ta dama. Ta ga Hadiza na ƙoƙarin cusa katinta cikin hijabi, ta fizge, ta duba, ta miƙe tsaye ta ɗaga shi sama.

"Malam, ba sai ka nemi ɗan acaɓa ba," in ji ta. "Hanyar ka san ta."

Bakwai ɗin a rubuce da jan biro, ko na bencin ƙarshe ya gani. Dariya ta tashi daga tabarmi ta mamaye benci. Wani dagaci ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina tsaye da makirufo a hannu, ban san inda ake kashe shi ba, numfashina na fita a lasifika.

Dakta Rabi ce ta cece ni. Ta karɓi makirufon ba tare da ta dube ni ba, ta ce sun yi alƙawarin ɓoye sunaye, don haka ita ba ta ga komai ba. Sannan ta tambayi mazan wurin, wa ya shiga inda ake girki a gidansa cikin wannan makon? Hannu ɗaya aka ɗaga, na wani mai shayi. Dariyar maza ta yi sanyi, ta mata ta ƙaru.

Da muka koma gida na wuce kai tsaye kicin. Bangon da na bari fari ya zama baƙi ƙirin, minti ɗaya ban yi ba idona ya fara zubar da ruwa. Tukunyar gas na kusurwa da faifai a kanta, ga murhun itace a tsakiyar ɗaki. Hadiza ta ce gas ɗin ya ƙare tun watan farko, ta faɗa mini sau biyu na ce to. Ko da yana nan ma, tukunyar tuwon mutum goma sha ɗaya ba ta zama a kansa. Na tambaye ta me ya hana ta komawa tsakar gida.

"Na ga yadda kake alfahari da shi ne, Malam," ta ce.

Wannan ta fi dariyar filin makaranta zafi.

Washegari likitar ta duba ƙirjinta, Injiniya ya zo da alli ya zana inda za a fasa babbar taga da inda bututun hayaƙi zai bi. Da ya gyara murhunsa ya yi masa gindi mai faɗi, Hadiza na cikin matan da suka gwada, har ta sa ya rage masa tsayi. Tarin ya yi sauƙi sosai. Ɗalibaina kuwa sun raɗa mini Malam Bakwai, suna zaton ban sani ba.

Abin da na koya shi ne, duk taron da na ji an ce "akwai wani maigida", sai in kama bakina in fara bincika ko ni ne. Abin takaicin, sau da yawa ni ɗin ne.