Rasuwar Alhaji Munazzim, Abokin Numfashina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka kasa tsayawa wuri ɗaya, ni Muntaka Yahya na unguwar Hindawiyya a Jidda nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar Alhaji Munazzim, na'urar da nake shaƙar iska da ita idan na nutsa cikin teku. Ya cika ranar Talata da hantsi, a shekarar nan ta 2004, a gefen tsohon jirgin dakon kaya da ya nutse a bayan gaɓar Abhur, arewa da gari.

Marigayin baƙo ne a Jidda. Ya shigo cikin jakar wani Bature da ya zo hutu, Baturen ya koma, shi ya zarce, kamar da yawa daga cikinmu. Bai taɓa yin iƙama, takardar izinin zama, ba, ba a kuma taɓa tare shi a hanya ba. Kafilina, wato ubangidana, Abdulghaffar, mai kwalekwalen kai masu nutso, shi ya damƙa min shi ranar da na fara raka baƙi ƙasan ruwa.

Mutum ne marar surutu. Duk tsawon zamanmu abin da na ji daga bakinsa shi ne "shuuu" idan na ja iska, sai "gul-gul-gul" idan na saki. Tare muka san jirgin nan ɗaki-ɗaki. Shi ya tsaya da ni a ɗakin matuƙi, inda murjani ya rufe sitiyari, muna kallon kifin harid mai launin aku yana gurgurar dutse. Ranar da ƙaton ƙirshi, kifin da masunta ke tsoro, ya wuce ta samanmu, na lafe a jikin jirgi, amma muryar Alhaji ba ta canza ba.

Ciwon ajalinsa ya fara da ɗan tari bayan Babbar Sallah. Othman makaniki ya canza masa roba, ya ce ya warke. Ranar Talata muna cikin rumbun jirgin, wani kunkurun ruwa yana kallonmu, sai na ji "shuuu" ta koma "khrrr", ruwan gishiri ya cika min baki. Na juya neman baƙin da nake rakawa, sun yi nisa suna ɗaukar hoto. Marigayin bai yashe ni ba. Ya riƙa ba ni iska kaɗan-kaɗan, haɗe da ruwa, har na ga ƙasan kwalekwalenmu a samana. Ina fito da kaina saman ruwa, Alhaji ya yi shiru.

Ya rasu ya bar tulun iska, da gilashin fuska, da takalman iyo guda biyu, ɗaya ya tsage. Ya bar ni.

Tun ranar ban zauna ba. Abdulghaffar ya ce in huta, na kasa. Na taka daga Hindawiyya zuwa unguwar Sharafiyya ba tare da an aike ni ba. Na tsoma fuska a bahon wanki har mai ɗakina Saudatu ta zubar da ruwan. Ita ta ce halas, nutso ya isa haka, Allah Ya nuna min, yayanta Lado yana neman mai tsare masa shagon wayoyi. Ban ce a'a ba. Ban kuma ce to ba. Na ga tsoronta lokacin da take shanya rigar nutsona, amma da na rufe ido sai in ga murjani.

Za a yi wa marigayin wanka da ruwan famfo ranar Juma'a bayan la'asar, a lulluɓe shi da farin tawul, a kwantar da shi a saman kabad. Na so a kai shi ɗakin matuƙin jirgi, sai dai mai kai ni can shi ne ya rasu. Muna roƙon duk wanda kumfarsa ta taɓa firgitawa, mutum ko kifi, ya yafe masa.

Ba za a yi zaman makoki ba, don mai makokin ya kasa zama. Mai son yin ta'aziyya ya bi bakin teku, zai gan ni ina kaiwa da komowa.